Daga Zangon Fatake Zuwa Teburin Mai Shayi: Tarihin Cin Abincin Dare a Bakin Hanya a Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

Hausawa suna da karin magana guda biyu game da dare waɗanda suke kamar suna karo da juna. Na ɗaya ya ce dare mahutar bawa, na biyu kuwa ya ce dare rigar mugu. Dukansu biyu gaskiya ne, amma ba a kan same su tare a gari guda a lokaci guda ba. Inda aka sami zaman lafiya, dare yakan zama lokacin da manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci suke fitowa su sha iska, su ci ɗan abin marmari, su ji labarin duniya. Inda kuwa tsoro ya shiga, da magariba ta yi kowa yakan ja ƙyaurensa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin al'adar nan ta cin abinci a fili da dare, watau teburin mai shayi da tukubar mai tsire da kaskon mai ƙosai, a ƙasar Birnin Gwari, musamman a garuruwan bakin titi irin su Gayam. Za a nuna cewa wannan al'ada 'yar hanya ce. Duk lokacin da hanya ta buɗe takan bunƙasa, duk lokacin da hanya ta toshe kuma takan mutu, kuma hakan ya faru fiye da sau ɗaya cikin shekaru ɗari biyu da suka wuce. Saboda haka ɗalibin tarihi da ma'aikacin hukuma suna iya ɗaukar fitilar mai shayi a matsayin ma'aunin da zai gaya musu halin da ƙasa take ciki.

Ƙasar da Hanyoyinta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna, tana kuma iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Gayam ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, tare da irin su Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi, kuma garin yana kan titin da ya taso daga Kaduna. Ƙasa ce ta noma, mai yawan masara da dawa, wadda Hausawa da Gbagyi da Kamukawa da Fulani makiyaya suka daɗe suna zaune a cikinta. Babban abin da ya bambanta ta da sauran ƙasar Hausa shi ne daji. Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe a 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na tarayya a 1999, faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 1,100, ga shi kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

A garin Birnin Gwari ne manyan hanyoyi uku suka haɗu. Ɗaya ta nufi gabas zuwa Kaduna ta Udawa da Buruku, ɗaya ta yi arewa zuwa Funtuwa, ta ukun kuma ta gangara Tegina, daga can a kama hanyar Makwa da Jebba da Ilori har Ikko. Matafiyin da zai ratsa irin wannan ƙasa dole ne ya lissafa inda dare zai yi masa, domin tsakanin wani gari da wani akwai tazara mai yawa wadda babu kowa sai itatuwa. Wannan lissafi na matafiyi shi ne ya haifar da cinikin abincin dare.

Tushe Biyu: Ciyayya da Zango

A al'adar Bahaushe ta asali, magidanci ba ya sayen tuwon dare a waje. Wanda aka ga yana yin haka akan ɗauka ko dai tuzuru ne, ko kuwa akwai abin da ya ɓaci a gidansa. Amma wannan bai hana cin abinci a fili ba. Bayan sallar magariba maƙwabta sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko a zaure, kowane gida a fito da ƙwarya ko akushi, a haɗa a ci tare. Wannan shi ne ciyayya. Ba a biyan ko wuri, kuma baƙon da ya zo wucewa akan ce masa bismilla. Da an ɗauke kwanuka sai a shiga hira har bayan lisha. Samari da 'yan mata su ma suna da dandali, inda ake wasa a farin wata, ana sayar da gyaɗa da dakuwa da alewa.

Tushe na biyu shi ne zango. Baƙon da ba shi da gida a gari, kamar falke da ɗan koli da mai jaki, ba shi da kunyar da za ta hana shi sayen abinci, kuma ba shi da wata dabara sai hakan. Mata ne suke dafawa. A garuruwan da ake kulle, matar aure takan yi fura ko tuwo ko waina a cikin gida, 'yarta ta ɗauka ta kai talla. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna cewa wannan ciniki na cikin gida yana da girman da mai kallon kasuwa kaɗai ba zai gane ba. Nama kuwa sana'ar maza ce, a hannun mahauta, ƙarƙashin Sarkin Pawa.

Abin lura shi ne, a ciyayya akwai zama da hira amma babu ciniki, a zango kuma akwai ciniki amma masu ci baƙi ne waɗanda gobe da asuba za su ɗaura kaya. Teburin mai shayi na ƙarni na 20 shi ne wurin da waɗannan biyu suka gamu, ɗan gari ya zauna benci ɗaya da baƙo, kowa ya biya kuɗinsa.

Zamanin Fatake

Sayar da gasasshen nama a fili ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya ba da labarin masu gashi da ya gani kusa da mahauta a kasuwar birnin: wuta a tsakiya, an kewaye ta da tsinkaye masu ƙananan yankan nama da kitse, masu saye suna zazzaune a ƙasa suna ci. Duk wanda ya san tukuba zai gane ta a wannan siffa. Sai dai shi Clapperton ɗin ya ce kasuwar tana ci ne daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kuma ƙofofin birni akan rufe su da faɗuwar rana. Watau a birni mai ganuwa, cin abincin kasuwa harka ce ta rana. Wutar da take kaiwa dare ita ce ta zango.

A tafiyarsa ta biyu, cikin damunar 1826, Clapperton ya taso daga ƙasar Nufe ya bi ta Birnin Gwari kan hanyarsa ta zuwa Zariya da Kano. Ya tarar da ita birni ce mai ganuwa, wadda a lokacin ba ta bin Sakkwato. Hanyar da ya bi kuwa ba baƙuwa ba ce. Ɗaya ce daga cikin hanyoyin da ayarin fatake suke bi daga Kano da Zazzau zuwa Nufe, ko kuma su haye Kwara su ratsa Bargu su kai Gwanja domin sayo goro, suna kai kanwa da tufafi da fatu. Ayari ɗaya yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane da jakai, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba. In irin wannan taro ya sauka a bayan gari da la'asar, yana bukatar ruwa da itace da ciyawa da abinci, kuma duk mutanen garin ne za su sayar masa. Sarki yakan karɓi fito, mata su sayar da fura da tuwo, mahauci ya yi yanka.

Wannan ciniki ya dogara ne kacokan a kan amincin hanya. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, hare-haren da Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim suka riƙa kaiwa daga Kwantagora a kan ƙasashen Gbagyi da Kamuku sun watsa garuruwa da dama, jama'a suka koma kan duwatsu. Madugu ba ya jan ayari inda ake kamen bayi, sai ya sake hanya. A can Gwanja kuma, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya rushe babbar kasuwar goro. Turawa sun ci Kwantagora a 1901, hare-hare suka tsaya, amma kafin fatake su farfaɗo sai ga jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma layin Ikko ya bi ta Zungeru da Minna da Kaduna, ya bar Birnin Gwari a gefe. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a loda shi a tarago. Zangunan wannan yanki suka yi sanyi. Wannan ne karo na farko da tarihi ya nuna cewa in hanya ta ƙaura, wutar zango takan bi ta.

Zuwan Shayi da Burodi

Shayi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu, kuma har yau harshe yana riƙe da shaidar haka. Kalmar shayi daga Larabci take, kalmar ti kuwa daga Ingilishi. Ta arewa, ɗanyen ganyen shayi na ƙasar Sin ya yaɗu a Maroko cikin ƙarni na 19, daga nan ya ratsa Sahara a hannun Larabawa da Buzaye. Shi ne wanda ake dafawa a 'yar buta kan gawayi, a sha a ƙananan kofuna har zagaye uku. Ta kudu kuma, kamfanonin Turawa sun kawo baƙin ganye, tare da sukari da madarar gwangwani, aka fara shan su a bariki da gidajen ma'aikata. Wannan na biyu shi ne ya zama kayan sana'ar mai shayi.

Sauran kayan teburin ma kowanne yana da tarihinsa. Burodi ya fara zama abincin kasuwa a Ikko a farkon ƙarni na 20, inda wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, ya yi suna a gasa shi, daga baya ya biyo dogo zuwa Arewa. Madarar Peak ta shigo Nijeriya a 1954. Injin niƙa alkama na Apapa ya fara aiki a 1962, kamfanin sukari na Bacita kusa da Jebba ya biyo baya a 1964, sa'an nan Cadbury ya kafa masana'antar Bournvita a Ikeja a 1965. Cikin shekaru goma sha ɗaya ke nan, kusan duk abin da mai shayi yake jerawa a gabansa ya zama abin da ɗan ƙaramin jari zai iya saye.

Su wa suka fara zama a bencin? Mutanen da aikin kuɗi ya raba su da tukunyar gida: leburorin dogo da na titi, sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 da sabon shan ti, 'yan cin rani, masinjoji da malaman En'e da aka tura nesa da iyali. A ƙasar Birnin Gwari akwai ƙarin wani rukuni, watau masu haƙar zinariya, domin yankin yana cikin wuraren da aka haƙa ta a shekarun 1930. Sansanin haƙa wuri ne da maza suka taru, da kuɗi a aljihu, babu mai dafa musu. Sannu a hankali ɗan gari ma ya gane cewa shan shayi a waje ba ya zubar da girman magidanci, domin shayi ba tuwo ba ne. Mutum yana iya cin tuwon gidansa, sa'an nan ya fito ya ce a ba shi ruwan bunu ko haɗin kauri, ba wanda zai yi zargin an yi faɗa a gida. Ta wannan kafa kunya ta sami mafita, tebur kuma ya sami masu zama na kullum.

Zamanin Titi

Abin da jirgin ƙasa ya ƙwace wa Birnin Gwari, mota ta dawo mata da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci suka yawaita, kuma kafin a gina Abuja da titin da ya bi ta Lakwaja, hanyar Tegina da Jebba ita ce babbar hanyar mota tsakanin Kaduna da Ikko. Har garin kansa ya bi titi, shi ya sa ake da Tsohuwar Birnin Gwari a kan hanyar Funtuwa, da kuma sabuwa a mahaɗar hanyoyin. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara kawo ma'aikata masu albashi, a daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa kuɗi ya wadata a hannun jama'a. A Kaduna an buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980, tireloli da tankoki suka ƙaru a kan hanya.

Direban babbar mota shi ne falken wannan zamani. Ya fi son tafiyar dare ko ta asuba saboda sanyin inji da na taya, yana tare da yaran mota, kuma yana da wuraren da ya saba tsayawa, kamar yadda madugu yake da zangunansa. A irin waɗannan matsaya, tsarin wurin kusan iri ɗaya ne ko'ina a Arewa. Mai shayi yakan kafa dogon tebur da benci a gefe biyu ko uku, ya jera gwangwanaye da burodi da ƙwai, ga garwar ruwan zafi a kan murhu, ga risho na soya wainar ƙwai. Kusa da shi akwai mai tsire da balangu, da mai ƙosai, da 'yan mata masu tallar dafa-duka, da mai tireda, da mai faci, da ɗan masallaci da butoci. Ƙananan garuruwa irin su Gayam ba su kai mahaɗar hanya cunkoso ba, amma duk garin da titi ya ratsa yana da rabonsa: motar da ta lalace, direban da barci ya kama, 'yan kasuwar hatsi da suka kwana suna jiran lodi.

Haske shi ne ya tsawaita dare. Aci-balbal ta ba fitilar ƙwai wuri, ita kuma ta ba fitilar gas, sa'an nan ƙaramin janareta, daga baya fitila mai aiki da hasken rana. Abinci ma ya riƙa canzawa da canjin tattalin arziki. Lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992, burodi ya yi tsada ya kuma ƙanƙance. Daga tsakiyar shekarun 1990, da aka fara yin taliyar Indomie a Ota, sai ta hau teburin mai shayi, har ta mai da shi wurin cin cikakken abincin dare.

Tebur a Matsayin Majalisa

Amfanin teburin bai tsaya ga ciki ba. A nan ne ake jin farashin masara a Dawanau, da inda gada ta karye, da inda 'yan fashi suka tare hanya jiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, mai ilmin boko ɗaya yakan karanta wa mutum goma. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka a 1979, kuma akwatin rediyon mai shayi yakan tara masu sauraro fiye da masu saye. Muhawarar NEPU da NPC, da ta PRP da NPN a Jamhuriya ta Biyu, an yi ta a benci kamar yadda aka yi ta a dandalin lacca. Har ila yau mai shayi ɗan ƙaramin banki ne, gama yakan ba ma'aikaci bashi sai ƙarshen wata, direba ya bar masa saƙo, baƙo ya tambaye shi masauki.

Wannan matsayi ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san shi ba. Gidajen gahawa sun bayyana a Istanbul a shekarun 1550, a Landan a 1652, kuma daga ɗaya daga cikinsu ne kasuwar inshorar Lloyd's ta samo asali. A Faris, jera kujeru a gefen titi ya bunƙasa ne bayan Haussmann ya faɗaɗa titunan birnin tsakanin 1853 da 1870, abin da ya nuna cewa can ma titi ne ya haifi tebur. Masu mulki kuma sun sha yi wa irin waɗannan wurare kallon zargi. A Makka an hana shan gahawa a 1511, a Ingila kuma Sarki Charles na II ya ba da umarnin rufe gidajen gahawa a ƙarshen 1675, amma ya janye kafin umarnin ya fara aiki.

A Nijeriya, hukuma ta fi kallon mai tebur ta fuskar tsabta da haraji. Duba-gari na zamanin Turawa ya bi shi, mai karɓar kuɗin rumfa na ƙaramar hukuma ya gaje shi. A 1985, da shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Janar Buhari ya kai matakin tsabtace muhalli, an rushe rumfuna masu yawa a bakin titunan birane. Lalle akwai gyara a sana'ar, musamman wajen ruwan wanke kofuna da ajiyar nama. Amma ba safai ake tuna cewa wurin da yake da haske da idanun mutane har tsakar dare yana yi wa gari gadi ba tare da an biya ko kwabo ba.

Shekarun da Fitilu Suka Mutu

Dajin da ya sa matafiyi yake neman wurin kwana shi ne ya zama maɓoyar masu tare shi. Daga farkon shekarun 2010 satar shanu ta yi ƙamari a dajin Kamuku, har gwamnonin jihohin da suka kewaye shi suka haɗa kai a 2015 aka tura sojoji. Da shanu suka yi ƙaranci sai ɓarayi suka koma satar mutane domin kuɗin fansa. A watan Mayu na 2018 an kai hari ƙauyen Gwaska, aka kashe fiye da mutum 40, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta amince a kafa bataliyar soja a Birnin Gwari. Titin Kaduna ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi tsoro a ƙasar nan. An kai lokacin da motoci ba sa bin sa sai sun taru da rana an yi musu rakiya, wasu direbobi kuma suka gwammace dogon zagaye. A watan Maris na 2024 an kwashe ɗaliban makaranta fiye da 100 a Kuriga, a kan wannan titi.

Matakan da hukuma ta ɗauka su ma sun taɓa mai tebur. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, ta hana hawa babur na wata uku, ta kuma sa aka katse layukan waya a wasu yankuna daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ko da an yarda cewa matakan sun zama dole, ya kamata a bi sawun abin da suka jawo. In babu kasuwar dabbobi, mahauci ba shi da abin yanka, mai tsire ba shi da abin gashi. In babu babur, ba mai kawo burodi da ƙwai ƙauye. In babu fetur, janareta ba ya tashi. In mota ba ta bin dare, babu wanda za a dafa dominsa. Matar da take soya ƙosai a cikin gida, da yarinyar da take kai talla, da yaron da yake wanke kofuna, duk sun rasa abin yi, alhali babu wani rahoton asara da yake ƙidaya su. Bugu da ƙari, gari ya rasa majalisarsa a daidai lokacin da ya fi bukatar labari, jita-jita ta maye gurbin hira.

A ƙarshen Nuwamba na 2024, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan wani sulhu da aka yi da wasu shugabannin 'yan bindiga, ya sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi kimanin shekara goma a rufe, manyan motoci kuma suka koma lodi. Ra'ayoyi sun bambanta game da sulhun, wasu suna ganin an sami sauƙi, wasu suna tambayar hakkin waɗanda aka kashe wa dangi, da kuma makaman da suka rage a daji.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna zagaye iri ɗaya har sau biyu. Ayarin fatake ya raya zango, hare-haren Kwantagora da jirgin ƙasa suka kashe shi. Babbar mota ta raya tebur, 'yan bindiga suka kashe shi. A kowane karo, mai dafa wa matafiyi shi ne farkon wanda ya ji a jikinsa, domin jarinsa ƙarami ne, kayansa ba sa kwana, kuma ba ya iya ɓoye fitilarsa.

Wannan ne ya sa ya zama ma'auni mai kyau. Buɗe kasuwa da rana, da sojoji a kewaye, abu ne da umarnin gwamna yake iya yi. Amma babu umarnin da zai sa mutum ya saye ƙwai da madara da kuɗinsa, ya kunna wuta a bakin titin Gayam bayan lisha, sai in ya tabbata mota za ta zo, kuma shi da mai saye za su koma gida lafiya. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da yake son sanin ko sulhu ya kama, zai amfana in ya riƙa lura da tebur nawa ne suke buɗewa a garuruwan bakin titi, da ƙarfe nawa suke tashi, da ko direbobi sun koma kwana a inda suka saba. Haka kuma, in an zo rabon tallafi ko tsara tasha, ya kamata a tanadar musu fili da ruwa da haske, a sassauta musu kuɗin rumfa har su tsaya da ƙafafunsu.

Ga ɗalibai kuma akwai aiki a gaba. Tsofaffin direbobi da mahauta da masu shayi da mata masu abinci na wannan hanya suna riƙe da tarihin da ba a ajiye a ma'ajiyar takardu ta Kaduna ba: sunayen matsaya, da farashin kofi a zamanin sule da na kwabo, da ranar da aka daina tafiyar dare. Da yawa daga cikinsu sun yi gudun hijira zuwa Kaduna da Funtuwa da cikin garin Birnin Gwari, shekaru kuma suna ja. Ya kamata a same su a rubuta abin da suka sani tun suna da rai.